Mati da Ƙudajen Cikin Randa

A takardar gwamnati, aikin Malam Mati shi ne lebura. A unguwarsu Ƙofar Kwaya kuwa Sarkin Ƙuda ake kiransa, kuma yana amsawa ba tare da ya ɓata rai ba. Shekara tara muka yi tare a wata kwaleji da ke bayan ganuwar Katsina, ni ina jan wayar lantarki, shi yana kiwon ƙuda. Na ga ma'aikata iri-iri a wurin nan, masu baki sun fi masu hannu yawa. Mati mai hannu ne, shi ya sa labarinsa kaɗai na ga ya isa in ɓata tawada a kai.

A wani ƙauye kudu da Batagarawa aka haife shi. Shekarar da fari ya cinye gero, sai Mati ya rufe ɗakinsa, ya ɗauko matarsa Furera da tabarma biyu suka shigo birni. Ya yi dako, ya yi kwaɓar laka wajen magina, daga baya ya samu tire ya kasa mangwaro da gwaiba da ayaba a bakin ƙofar kwalejinmu. Gajere ne mai manyan kunnuwa, hularsa kullum a karkace kamar tana shirin tafiya wani wuri ba da shi ba.

Duk mai sayar da kayan marmari yini yake da tsumma a hannu yana korar ƙuda. Ban da Mati. Shi da safe zai zaɓi mangwaron da ya fi ruɓewa, ya fasa shi, ya kai gindin katanga taku goma daga tirensa ya ajiye.

Na taɓa tambayarsa, "Wancan fa na wane ne?"

Ya ce, "Rabon bayin Allah ne. Can suke yini, ni kuma in huta."

Na je na duba. 'Yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu jan ido sun rufe mangwaron ruf, tirensa kuwa fes.

Lokacin nan kuɗin mai sun yi wa gwamnati yawa har ta rasa aljihun zubawa. Kullum sai babbar mota ta sauke akwatuna a kwaleji. An kawo fanka saba'in kafin a ja waya a ɗakunan da za a rataye su. An kawo injin wanke kwalabe, ginin da za a kafa shi babu famfo. Duk abin da ya ƙi tashi sai a ce a kira Babaji. Ni ne Babajin, wasu kuma su ce Injiniya.

Cikin wannan hayaniya aka kawo mana sabon malamin kimiyya, Dakta Istifanus, mutumin kudancin Zariya, wanda ya yi shekara biyar yana karatu a Ingila. Kowa yana dawowa da rediyo da agogo da bargo. Shi ya dawo da kwalabe shida naɗe cikin safa, bakinsu toshe da auduga, cike da ƙuda. Ranar da ya fara shigowa ya tsaya a gindin katanga ya daɗe a tsugune kan ruɓaɓɓen mangwaron Mati. Da ya miƙe sai ya nufi tiren. Bayan sun gaisa, an tambayi gida da iyali da gajiya, ya ce, "Malam, waɗancan sai yaushe suke yin ƙwai?"

Mati ya ce, "Sun fi yi in rana ta yi sanyi, dab da magariba."

"Daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana nawa?"

"In da zafi-zafi, goma. Da sanyi sai su yi nawa."

Dakta ya dube shi ya sake dubansa. Washegari Mati ya ba maƙwabcinsa tiren, ya shiga aikin gwamnati.

Ni aka sa in ja wa ɗakin binciken waya, don haka dole na sha bayani. Dakta mutum ne mai kirki, amma in ya fara magana sai ka nemi wurin zama. Wata rana ina bisa tsani ya tare ni.

"Malam Babaji, in za ka ja waya daga makunnin bakin ƙofa zuwa babban allon wuta, me kake yi?"

"In duba zane, in fasa bango, in zura."

"To ga ƙwan ƙuda, bai fi ƙwayar rairayi ba. Yini ɗaya da kwana ɗaya tsutsa za ta fito daga ciki. In ka taɓa kanta sai ta ja da baya, ke nan ta ji. Kafin ta fito an riga an ja mata waya daga fata zuwa tsakiyar jiki. 'Yan ƙwayoyin da ke jin taɓi, a fata suke tsirowa. Kowace sai ta fitar da zare siriri, zaren ya kama tafiya ciki yana lalube da kansa, har ya isa babbar jijiyar da ke kwance ta wajen ciki, ya shiga daidai inda ya kamata. Babu zane, babu Babaji. Wa ya nuna masa hanya?"

Mati yana wanke kwalba a gefe, ya ce, "Allah."

Dakta ya ce, "Ban musa ba, Malam Mati. Ta yaya, shi nake nema."

Na ce a raina, gwamnati ta samu kuɗi.

Ƙudajen Dakta ba irin na kasuwa ba ne. Idonsu fari ne, ba ja ba, kuma da wannan ake gane danginsu. Abin da ya sa suke da daraja shi ne, a cikin tsutsotsinsu ana samun waɗanda ko ka taɓa su ba sa ji. Dakta yana zaton zarensu ne ke ɓatan hanya, kuma in ya ga inda ya ɓata zai gane yadda na lafiyayyu ke samun tasu. Shekara uku ya yi yana tace dangin nan. Malaminsa na Ingila ya yi ritaya an rufe ɗakinsa, don haka duk duniya babu sauran irinsu sai cikin kwalaben nan shida.

Aikin Mati shi ne ya dama musu talge da garin masara da mazarƙwaila da yis ɗin burodi, ya dama ayaba a ciki, ya zuba a gindin kwalba. Duk mako biyu ya juye su a sababbin kwalabe. Ya kuma riƙa gwada tsutsotsi ɗaya bayan ɗaya. Dakta ya zo da wani ɗan buroshi mai laushi don wannan aikin, ya ɓata a mako na biyu. Mati ya tsinko gashi ɗaya daga wutsiyar jakin mai kawo mana yashi, ya ɗaure a tsinke. Ya fi buroshin aiki. Dakta ya saya masa agogo saboda tsayar da lokacin ƙwai, Mati ya yi godiya ƙwarai, ya kai wa Furera ta ajiye cikin kwalla. Da kiran salla yake aiki, kuma ban taɓa jin Dakta ya ce ya kuskure ba.

A unguwa kuwa abin dariya ya samu. In ya dawo da yamma, 'yan majalisar ƙofar masallaci sai su fara.

"Sarkin Ƙuda, ya garke?"

"Lahiya lau."

"An yi tatsa yau?"

"An yi. Gobe in kawo maka nonon ka dama fura."

Da bazarar 1978 ta shigo, sai abu ya ɓaci. Ƙudan nan in zafi ya yi yawa ba ya mutuwa nan take, haihuwa yake dainawa, wanda duk ɗaya ne. Ɗakin binciken rufin kwano ne. Na kafa musu na'urar sanyaya ɗaki da hannuna, mai kyau, amma wuta tana ɗaukewa da hantsi ba ta dawowa sai ta ga dama. Dakta ya riga ya yi odar wani akwati daga Turai mai riƙe sanyi daidai gwargwado, sai aka ce yana cikin jirgin ruwa a Ikko, jirgin yana bin layi. Da aka yi hutu, ya ce zai je ya taho da shi da kansa, mako biyu ya dawo.

Ranar tafiyarsa ya tsaya gaban kwalaben ya yi wa Mati jawabi mai tsawo. Ya yi maganar ilimi, ya yi maganar ƙasa, har ya taɓo 'yan baya. Mati ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Amana ce ke nan?"

"Amana ce, Malam Mati."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Kwana uku da tafiyar Dakta, ga wuta ba ta zama, ruwan kwaleji kuma ya ƙafe. Mati ya ɗora hannu a jikin kwalba ya ji ta da ɗumi kamar an sauke ta daga murhu. Bai tambayi kowa ba. Ya jera su cikin kwando, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya ɗora a ka ya nufi Ƙofar Kwaya, inda gidan da yake haya ke da rijiya. Ya sayo babbar randa sabuwa, ya binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwar darbejiyar tsakar gida, ya zuba ruwa kamu ɗaya, ya sa duwatsu uku, ya ɗora faranti, ya jera kwalaben a kai. Ya lulluɓe randar da buhu yana yayyafa masa ruwa bayan kowace salla. Na je na zura hannu ciki. Sanyi kamar gindin rijiya. Ban yabe shi ba, don ba na son a saba, amma na ji haushin na'urata.

Ya kira Furera ya ce mata, "Kin ga kwalaben ga? Kada ki taɓa su, kada ki fitar da su, ko mi ya faru."

Ta ce, "To, Malam."

Furera mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Tsakar gidanta ko allura ta faɗi za ka tsinta. Ruwan randarta kuwa sananne ne a unguwa, domin duk mako sai ta wanke ta, ta turara ta da kajiji, ruwan ya yi ƙamshi har baƙo ya nemi ƙari. Yanzu ga wata randa, wadda ta fi tata girma da kyau, zaune a tsakiyar gidanta tana tsamin ruɓaɓɓiyar ayaba. Ta daure mako uku. Dakta bai dawo ba, sai wasiƙa cewa har yanzu yana bin ofis-ofis.

Ranar wata Alhamis Mati ya juye ƙudajen a sababbin kwalabe, ya wanke tsofaffin tas ya kife. Da yamma aka aiko cewa yayarsa Kulu tana tafe daga ƙauye gobe Jumma'a. Kulu irin matan nan ne da hancinsu ke riga su shiga gida, kuma abin da ta shaƙa a birni sai an ji shi a bakin rijiyar ƙauye kafin mako ya zagayo.

Muna masallaci Furera ta yanke shawara. An ce kada ta taɓa kwalabe, ba ta taɓa ba. An ce kada ta fitar da su, ba ta fitar ba. Ta ɗebo garwashi a ɗan kasko, ta barbaɗa kajiji, ta zura shi a hankali ta ajiye a tsakiyar farantin, ta rufe bakin randar da faifai, ta danne da tabarya don kada ƙamshin ya tsere.

Ni na ɗauko Mati a babur daga masallaci, ya ce in shiga in sha ruwa. Tun daga zaure ƙamshi ya tare mu. Kulu tana zaune kan tabarma tana cewa, "Kai, Mati, ka yi dacen mata. Gida sai ka ce na amarya."

Mati bai amsa gaisuwarta ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya bi hayaƙin da ido har inda yake tsiyayowa ta gefen faifai. Ya ture tabaryar, ya ɗaga faifan, hayaƙi ya turnuƙe shi. Ya fito da kwalba ta farko ya ɗaga. Duk suna kwance a kan talgen, ƙafafu sama. Ta biyu haka. Har ta shida.

Furera ta ce, "Malam, wallahi ban taɓa su ba."

Ya ce, "Na gani."

A nan na yi nawa. Ni ba na iya tsayawa ina kallon abu ya lalace ban sa hannu ba. Na fizge audugar bakin kwalaben duka shida, na karɓe mafici daga hannun Kulu na shiga yi musu fifita, wai su sha iska. Mati yana can yana fitar da kaskon. Da ya juyo ya ga kwalabe a buɗe sai ya yi wata ƙara da ban san yana da ita ba.

"Injiniya! Rufe! Rufe!"

Lokacin mangwaro ne, gidan kuma na tsohon mai mangwaro. Kafin mu mayar da auduga, ƙudajen unguwa masu jan ido sun ji ƙamshin ayaba sun kai ziyara. Mun kori waɗanda muka gani. Waɗanda ba mu gani ba, Allah ne ya san abin da suka bari.

Kulu ta tafa hannu. "Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Manyan mutane biyu da gemu suna makokin ƙuda! Furera, ƙanwata, miƙo min goro in kalla da kyau."

Masu farin ido ko ɗaya bai tashi ba. Mati ya kwashe gawarwakin da tsinke ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a bakin rijiya ya cire hula. Na zauna kusa da shi. Can na ce, "Mati, ƙuda ƙuda ne. Mu je bakin kasuwa mu cika kwalaben nan. Kafin Dakta ya dawo sun hayayyafa."

"Idon fa?"

"Ka ce zafin Katsina ne ya ja musu ido. Ni ma nawa ja ne."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Shina iya yarda. Sai ya shekara shina neman abin da babu a cikinsu. Wannan ba kashe ƙuda ba ne, kashe mutum ne."

Na san na faɗi maganar banza.

Ya daɗe yana juya kwalba ɗaya a hannu. Sai ya ce, "Injiniya, ka taɓa sayar da mangwaro?"

"Allah ya kiyaye."

"In ka kashe na sama duka, kwana goma sai ka ga wasu sun fito. Ba daga sama suke zuwa ba, daga ciki suke. Waɗannan sun kwana a kan talgen ga jiya. Ba su kwana a banza ba."

Ya mayar da kwalaben cikin randa bayan ya wanke ta sau uku. Furera ta tsaya daga nesa da guga a hannu, tana jira a ce mata wani abu. Ya ce, "Kawo ruwan, ke za ki riƙa jiƙa buhun daga yau." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba, a ranar ko bayanta. Ita kuwa ta riƙe buhun nan kamar jariri.

Kwana huɗu sai ga tsutsotsi suna huda talgen a kwalabe uku. Sauran ukun sun yi funfuna, aka zubar. Na ce to alhamdu lillahi, an tsira. Mati ya ce, "'Ya'yan wa?" Nan na gane. Tsutsa ba ta da idon da za a duba. Ko na masu farin ido ne, ko na baƙin da na buɗe wa ƙofa, ko gauraye. In kuwa gauraye ne suka fito tare suka haɗu, dangin Dakta ya narke cikin na unguwa, shi ke nan.

Tsutsotsin suka ƙoshi, suka hau jikin kwalba, kowace ta ƙame cikin ɗan ɓawo mai ruwan ƙasa kamar ƙwayar shinkafa. Kullum in na tashi aiki sai in biya. In tarar da Mati a tsugune ya ɗaga kwalba saitin rana, ya kanne ido ɗaya. 'Yan majalisa suka ji labari, ba shakka ta bakin Kulu.

"Sarkin Ƙuda, ashe an yi rashi? Yaushe ne sadakar bakwai?"

"Sai an ga magada," in ji shi.

Ranar kwana na tara ya tare ni tun a zaure. "Zo ka gani. Kana da ido?"

Ya nuna mini wani ɓawo. Can wajen kansa akwai ɗigo biyu ja, ƙanana kamar an taɓa da bakin allura. Ya nuna na kusa da shi, wanda har duhun fiffike ya fara nunawa ta ciki, amma babu ɗigon.

Ya ce, "Idon ne ke haskowa ta cikin ɓawo. Mai ja baƙo ne."

Babu wanda ya koya masa wannan. Ya fere tsinken tsintsiya, ya jiƙa bakinsa, ya riƙa zura shi yana ɗauko masu ɗigo ɗaya-ɗaya, Furera na tsaye da auduga tana toshe bakin kwalbar da zarar tsinken ya fito. Hannunsu na tafiya tare. Ni aka ba ni aikin zama nesa.

Da la'asar ɗin ranar Dakta ya dawo, ya rame, ya yi baƙi, ga akwati a bayan a-kori-kura. Ya tarar da ɗakin bincike babu kwalabe, aka nuna masa hanyar Ƙofar Kwaya. Bayan gaisuwa, tun bai zauna ba, Mati ya faɗa masa komai a jere. Randa, hayaƙi, mutuwa, buɗe kwalabe, ɗigo. Bai ce Furera ba, bai ce Babaji ba. Cewa ya yi, "An turara su, an kuma buɗe su. A hannuna suke, laifina ne."

Daga bakin ɗaki Furera ta ce, "Ni na turara, Likita."

Dole na ce, "Ni na buɗe."

Dakta ya tsuguna bakin randar. Ya ɗauki kwalba ya ciro ɗan gilashinsa mai ƙara girman abu ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Tsofaffin kwalaben fa?"

"Na wanke."

Dakta ya runtse ido. Sannan ya ce, "Sai gobe da safe. Da sassafe suke fitowa."

Gari na wayewa muka hallara gindin darbejiya, mu huɗu, da Kulu ta biyar, wadda ta fasa komawa ƙauye don kada a ba ta labari. Rana ta fara taɓa katanga sai wani ɓawo ya tsage ta sama. Wani abu fari-fari ya turo kai, ya yi ta mutsu-mutsu har ya fito, fiffikensa a dunƙule kamar tsumman da aka matse. Dakta ya kai gilashi. Sai ya fasa, ya miƙa wa Mati.

Mati ya duba ya ce, "Fari."

Kafin hantsi sun kai ashirin da wani abu, maza da mata, duk farare. Furera ta rangaɗa guɗa. Kulu ta ce, "To, barka da arziki. Wa zai yanka ragon suna?"

Dakta ya kama hannun Mati da hannu biyu, ya buɗe baki, na ce yau mun shiga uku. Sai kawai ya ce, "Na gode, Malam Mati."

Mati ya ce, "Saura mako guda in ci gaba da tsince masu ɗigo. Baƙin ba su ƙare ba."

Bayan wata ɗaya dangin ya cika kwalabe goma sha biyu. Wata ranar Talata Mati ya sa musu ɗan faranti da aka shafa wa ayaba da kiran magariba, ya cire da kiran lisha. Da hantsin Laraba Dakta ya kwashe ƙwan, ya ɓare musu ɓawo, ya jiƙa su da wani ruwa mai rini, ya sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Ya yi kwanaki yana wannan bai samu abin kirki ba, amma ranar ya aika a kira ni daga kan tsani.

Na kafa ido. Da farko hazo kawai nake gani. Can sai ga abu kamar ɗan kwalekwale. A gefensa, layi-layi, ga 'yan ɗigo a jere, kowane ya saki zare siririn da ya fi gashi. Zaren na sama ya gangaro ya tarar da na ƙasa, suka haɗe suka zama igiya ɗaya, igiyar ta lanƙwasa ta shige ciki. Kowane layi haka, babu wanda ya haura kan wani. Dakta ya canza gilashi ya ce in duba wannan, ƙwan irin waɗanda ba sa jin taɓi ne. Nan kuma zaren ya taso daidai, ya zo rabin hanya, sai ya karkata gefe ya tsaya a fili, na bayansa duk suka bi shi.

Dakta ya fara bayani. Mati ya leƙa ya ɗago ya ce, "Ai hanyar gona ce. Mutum ɗaya ke fara ratsawa da damina, na baya su bi sawunsa, kafin kaka ta zama hanya. In na farkon ya karkace, duk gari sai ya karkace."

Dakta ya ce, "To shi na farkon, wa ya nuna masa?"

"Wannan aikinka ne, Dakta. Ni talge nake damawa."

Na yi shekara ashirin da shida ina jan waya. Ban taɓa ganin wayar da ta ja kanta ba sai ranar, kuma aikin ya fi nawa tsabta. Na sauka daga kujerar na koma kan tsanina.

Akwatin Ikko kuwa, da na buɗe bayansa na tarar an yi shi ne don wutar wata ƙasa, kuma abin da zai daidaita shi da tamu yana cikin wani jirgin. Bai iso ba har na yi ritaya. Mati ya riƙa ajiye garin masara da mazarƙwaila a ciki, ya ce ɓera ba ya iya shiga. Randa uku aka kafa a bayan ɗakin bincike, ƙudajen suka zauna cikinsu kowace bazara. Tun daga ranar nan kuma Mati bai ƙara wanke tsohuwar kwalba ba sai ya ga jikoki a sabuwa.

Bayan shekara biyu Dakta ya kawo wata mujallar Turanci, ya buɗe shafin ƙarshe na rubutunsa, ya nuna wa Mati sunansa cikin ƙananan baƙaƙe, inda ake godiya. Mati ya duba ta sama, ya duba ta ƙasa, ya ce, "Na Furera fa? Ita ta riƙe auduga."

Dakta ya ce ai ita ce ta turara su.

"Ta turara, ta kuma jiƙa buhu kwana tara. Ka ƙirga duka."

Dakta ya ɗauki biro ya rubuta sunanta da hannu a gefen shafin. Mati ya naɗe mujallar ya kai gida, Furera ta sa ta cikin kwalla tare da agogon.

Randar farko ba a kai ta kwaleji ba. Mati ya bar wa Furera ita. Ta wanke ta sau bakwai, ta turara ta da kajiji yadda ranta ke so, ta kafa ta a zaure don masu wucewa. Ko bayan Mati ya bar aiki ya koma kasa mangwaro a ƙofar gida, da ruɓaɓɓe ɗaya a gindin katanga, in na biya sai ta aiko mini da moɗa daga cikinta. Ruwan yana da sanyi, yana da ƙamshi. Ni dai har yau sai na leƙa cikin moɗar kafin in sha.